Jiragen da Ba Sa Shan Mai

Akwai mutane a duniyar nan, da hankalinsu, wasu ma da furfura da 'ya'ya a jami'a, waɗanda in sun taso daga aiki sai su zauna gaban kwamfuta su kafa kamfanin jiragen sama. Ba su da jirgi. Ko tayar jirgi ba su da ita. Amma za su raɗa wa kamfanin suna, su zana masa tambari, su zaɓi fentin da za a shafa wa jiragensa, su jera jiragen ɗaya bayan ɗaya kowanne da lambarsa, sannan su rubuta masa tarihi: shekarar da aka kafa shi, attajirin da ya zuba kuɗi, lokacin da bashi ya kusa cinye shi, da wanda ya zo ya tsamo shi. In sun gama sai su kai shi gasa, wasu irinsu su zauna su yi alƙalanci. An fi samun su a Turai da Amurka da wasu ƙasashen Asiya. Mai shirya gasar zai fitar da sharaɗi, ya ce ƙasa kaza, zamani kaza, kamfanin fasinja ko na kaya, mai araha ko na 'yan gayu. Kowa ya ɗauki hoton jirgi fari fat wanda aka zana ta gefe, ya yi masa ado. Wanda ya ci, yawanci ladarsa yabo, wani lokaci kuma a ɗora masa wahalar shirya gasa ta gaba.

Na ji tsakin, Malam. Tun daga nan nake jiyo shi. Ka ce ƙoshi ne ya yi musu yawa. Hajiya ta ce zaman kashe wando ne aka saya masa kwamfuta. Alhaji kuwa bai ko ɗago kai daga lissafinsa ba, tambaya ɗaya ya jefo: nawa ake samu? Zan zo kanka, Alhaji, ajiye tambayar a aljihu kada ta faɗi. Kai kuma Malam, ba kai ne jiya a majalisa ka sayar da mai tsaron bayan Arsenal ka sayo na Real Madrid ba, har ka kori koci ka naɗa wani, alhali ko shayin da ka sha wani ne ya biya? Kai ma kana da kulob a ka. Bambancinka da mutanen nan, su nasu a rubuce yake, suna miƙa shi ga waɗanda za su tsefe shi. Naka kuwa da an watse majalisa ya bi iska.

Ba zan tsaya ina yi musu lauya ba. Tunda ka ce wasan yara ne, ga fili ga mai doki. Sharaɗin gasarmu: kamfanin fasinja, mazauninsa Kano, an kafa shi a 1974, jirage biyar. Kano ba baƙuwar jirgi ba ce. Tun a Nuwamban 1925 jiragen sojan Ingila uku suka taso daga Masar suka sauka a can, kuma da wannan saukar ake fara ba da tarihin jirgin sama a Najeriya, saboda haka ba wanda zai ce ka zaɓi garin da bai dace ba. Bismillah, zaɓi jiragenka.

Na san abin da za ka ce, domin kowa da shi yake farawa: a ba ka mafi girma, mai bene, Airbus A380. To ka faɗi tun ba a je ko'ina ba. A380 sai a 2005 ya fara tashi, sai a 2007 ya fara ɗaukar fasinja da tambarin Singapore Airlines. A 1974 ɗin taka, Airbus kansa a shekarar ne jirginsa na fari, A300, ya fara aiki. Ka ce to a ba ka Boeing 747, shi ai yana nan tun 1970. Gaskiya ne yana nan. Biyar za ka saya? Jirgin da ke cin mutum kusan 400, wa zai cika maka shi daga Kano zuwa Maiduguri ranar Talata? Ka ce alhazai. Madalla, ka fara tunani. Kabo Air ma da 747 ya yi jigilar alhazai daga baya, kuma Kano zuwa Jidda kusan kilomita 3,400 ne, tafiya ce da ta cancanci babban jirgi. Amma Hajji sau ɗaya ake yi a shekara. Sauran watannin fa? Jirgi ko a ajiye kuɗi yake ci: kuɗin wurin ajiya, inshora, albashin matuƙa, ga bashin banki da ba ya tafiya hutu. Alƙalan gasa za su tambaye ka wannan, kuma "za a san yadda za a yi" ba ya cikin amsoshin da ake ba wa maki.

Sai ka sauko ka duba abin da ke kasuwa a lokacin: Fokker F27 na Holan mai farfela biyu, ƙanensa F28, Boeing 737 na farko-farko, Boeing 707 na dogon zango. Nan ma akwai tarko. Iska in ta yi zafi kaurinta raguwa yake yi, fiffike ba ya samun abin kamawa sosai, inji ba ya ba da ƙarfinsa duka, dole jirgi ya rage lodi ko ya nemi titi mai tsawo. Abin da ya sa ke nan kamfanin BOAC na Ingila ya nemi a ƙera masa VC10, mai inji huɗu a gindin wutsiya, saboda filaye irin na Kano da Nairobi, inda 707 na farko ba ya iya tashi da cikakken lodi. Da VC10 ya fara aiki a Afrilun 1964, Landan zuwa Legas aka fara tura shi. Wanda ya san wannan zai sa shi guda ɗaya a jerinsa, ya ce na hannu ya saya, domin a daidai 1974 ne Turawan suka fara rabuwa da tsofaffin nasu, har Gulf Air ya kwashi wasu. Alƙalai za su gyaɗa kai. Kai mai A380 sai dai a yi maka jaje. Ku kuma Zage-zagi da na ga kuna ƙunshe dariya, ku ne bai kamata ku yi ta ba. Tun 1964 makarantar koyon tuƙin jirgi take a garinku, amma da na tambaye ku bambancin F27 da F28 sai kowa ya shiga gyara hula.

Kada kuma ka ce za ka ɗauki ɗaya-ɗaya daga kowane iri don kowa ya samu. Kowane irin jirgi da takardar shaidar matuƙinsa, da makanikinsa, da kayan gyaransa a sito. Jirage biyar iri biyar, ka buɗe gareji biyar ke nan. Southwest na Amurka tun 1971 kusan Boeing 737 kaɗai yake tashi da shi, yau yana da ɗaruruwansa, kuma ba rashin sanin wasu jiragen ne ya sa ba.

Saura lamba. Kowane jirgi da lambar rajista a jikinsa, kuma harufan farko na ƙasarsa ne: na Najeriya 5N, na Nijar 5U, na Gana 9G, na Sudan ST, na Habasha ET. Kai kuwa ka rubuta N a gaba saboda haka kake gani a fim, ka mai da jirginka ɗan Amurka ba ka sani ba. Goge ka gyara, kuma ka riƙe batun lambar nan, za mu neme shi. Sannan akwai sunan da mutanen hasumiya za su kira ka da shi a rediyo. British Airways ana kiransa Speedbird, na Afirka ta Kudu Springbok, marigayi Pan Am kuwa Clipper. Ƙwararrun masu gasa har wannan suke ƙirƙira, kuma sai sun bincika sun tabbatar ba wani kamfani na gaske da ya riga su.

Na ga ka ja layi a taswira daga Kano zuwa Faris, daga Faris kuma ka kwashi Faransawa zuwa wani garin nasu. Da izinin wa? Tun taron Chicago na 1944 aka tabbatar kowace ƙasa ita ke da ikon samaniyarta. Sai gwamnati da gwamnati sun ƙulla yarjejeniya kafin ka sauka ka ɗauki mutum, kuma jigilar fasinja tsakanin garuruwa biyu na ƙasar wani, wannan da wuya a ba baƙo. Bar ta Faransa ma. A gida, a 1974 Nigeria Airways ne ke riƙe da hanyoyin fasinja. Masu zaman kansu irin su Kabo da Okada sai a farkon shekarun 1980 suka samu kutsawa. To kamfaninka ta ina ya ɓullo? Ko dai ka ce na shata ne, 'yan kasuwa da alhazai yake ɗauka, ko ka fito fili ka ce a duniyarka gwamnatin Gowon ta buɗe ƙofa tun 1974. An yarda ka yi haka. Ita ce dokar wasan, kuma saboda ita nake ganin girmansa: ƙarya ɗaya ake ba ka, a tushe. Duk abin da ya biyo bayanta dole ya yi biyayya ga nisa da nauyi da shekara da doka, kamar na gaske. An ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Mutanen nan aikinsu su tsawaita ramin, kuma kowane taku sai sun nemo gaskiyar da za ta tokare shi kada ya rufta.

A wurin tarihi sabon shiga ya fi kwafsawa, saboda son zaƙi. Sai ya rubuta cewa wani hamshaƙi ya kafa kamfani, ya yi ta bunƙasa, ya yi ta bunƙasa, har yau bunƙasa yake yi. Ba kamfanin jirgin da ya taɓa rayuwa haka. Naka an haife shi ana tsakiyar tsadar man da ta biyo bayan rikicin 1973. Zai zo ya ratsa 1986, shekarar SAP, lokacin da darajar naira ta rikito, alhali tikiti da naira kake sayarwa, kayan gyara kuwa da dala kake saye. Faɗa mana yadda ya tsallake. Jirgi nawa ya sayar? Wace hanya ya rufe? Wa ya sallama? Kuma kada ka ji tsoron abin al'ajabi, domin tarihin gaske ya riga ka. Delta, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin duniya a yau, da feshin maganin ƙwari a gonakin auduga ya fara a shekarun 1920. Emirates da jirage biyu na haya daga kamfanin Pakistan ya fara a 1985. AirAsia kuwa, a 2001 Tony Fernandes ya saye shi a kan ringgit ɗaya tak na kuɗin Malesiya, aka haɗa masa da jirage biyu da tulin bashi. Da kai ne ka rubuta wannan a gasa, da an ce gishirin ya yi yawa.

Wasu masu gasar sun fi jin daɗin kashe kamfanin a kan raya shi. Za su kai shi ƙololuwa, su sa shugabansa ya yi rawar kai ya sayi jirage fiye da ƙima, sannan su rubuta tashinsa na ƙarshe, da rana da lambar jirgi, har ka ji kamar ka miƙa ta'aziyya. Suna da wurin koyo. Braniff ya tsaya cak a 1982, Pan Am a 1991. Swissair, wanda ake yi wa kirari da banki mai tashi sama, ya wayi gari a Oktoban 2001 ba kuɗin mai. Air Afrique, da ƙasashe 11 suka haɗu suka kafa a 1961, har da Nijar da Chadi da Kamaru, ya rufe a 2002, Nigeria Airways ya bi bayansa a 2003.

Yanzu sai fenti, wanda shi ne idon gasar. Na san abin da ranka ke so: baƙi wuluk, da ruwan zinariya, da zaki a wutsiya. Tsaya tukuna. Ka taɓa tambayar abin da ya sa yawancin jirage farare ne? Fari yana mayar da zafin rana, ba ya saurin koɗewa, tsagewa ko yoyon mai suna saurin nunawa a kansa, kuma in za a sayar da jirgin ko a mayar wa mai haya, aikin sauya ado ba yawa. A 1996 Pepsi ya biya aka shafa wa Concorde ɗaya na Air France shuɗi. Sai da aka bar fukafukan farare, saboda a cikinsu mai yake, kuma aka hana shi daɗewa a cikakken gudunsa, wajen minti 20 kawai, don zafi. Kai kuma baƙi kake so, a filin Kano, a watan Afrilu. Ba haramun ba ne; Air New Zealand yana da wasu jirage baƙaƙe, launin da 'yan wasan ƙasar suka shahara da shi. Amma su sun zo da dalili, kai da me ka zo?

Fenti kuma nauyi ne. Na 747 guda ɗaya ya kai kusan kilo 250, fasinja uku ke nan da ba su yanki tikiti ba, kuma kullum da su ake tashi. American Airlines ya shekara da shekaru yana barin jiragensa tsirara, alminiyon yana ƙyalli, da ratsi uku, ja da fari da shuɗi, da rubutun da Massimo Vignelli ya tsara a ƙarshen shekarun 1960. Sai a 2013 ya haƙura ya koma fenti, domin sababbin jirage irin Boeing 787 ba da alminiyon ake ƙera gangar jikinsu ba, babu abin da za a goge ya yi sheƙi. Saboda haka in wani ya kawo 787 mai ƙyallin azurfa a gasa ya ce bai shafa fenti ba, akwai wanda zai ɗaga hannu.

Matso kusa, Hajiya, ki ga mai gasar a bakin aiki. Jirgin yana kwance a allon kwamfuta, ta gefen hagu. Ya ja ratsin kore daga hanci zuwa wutsiya, daidai kan layin tagogi, saboda a 1974 haka ake yayi. Ya zo rubuta suna a saman tagogin, sai ya ga harafi na uku ya hau kan ƙofa, in aka buɗe ta sunan zai gutsure. Ya matsar da shi baya, sai ya lura fiffike zai tare harafin ƙarshe ga wanda ke tsaye a ƙasa. Ya rage girman rubutun. Ya zagaye kowace ƙofa da siririn layi mai launi dabam, domin doka ta ce masu ceto su iya gane ta daga waje. Ya bar wa lambar rajista wurinta, ya auna ya tabbatar harufan ba za su gaza santimita 30 ba a jikin jirgin gaske. Ya guji fenti mai ƙarfe-ƙarfe a kan hancin, don a ciki na'urar hango hadari take. Sannan ya juya jirgin ta dama, sai ga tsuntsun da ya zana a wutsiya yana kallon baya, kamar wanda ya yi fushi da kamfanin. Dole ya sake zana shi ya fuskanci gaba. In kuma ya haɗa da rubutun ajami, wata sabuwa: daga hanci zai fara ko daga wutsiya, kuma a wane gefe? Dare zai raba yana nan. Wandon dai yana mutuwa, ban musa miki ba, amma ba a banza yake mutuwa ba.

Kafin ku yi wa tsuntsunsa dariya, ku tuna abin da manya suka ɗora a nasu. Lufthansa tsuntsu ne dangin gauraka, wanda Otto Firle ya zana tun 1918. Qantas na Ostareliya kangaru ne tun 1944. Air Afrique kan barewa ne. Nigeria Airways fa? Giwa mai fukafukai. Giwa, Malam. Iyayenmu da kakanninmu sun hau jirgin da aka zana wa giwa tana tashi sama, suka je Makka suka dawo, ba wanda ya ce a sauke shi saboda tambarin bai yi kama da gaskiya ba. Ni da za a tambaye ni, shamuwa zan ɗora a wutsiyar kamfaninmu na 1974. Baƙi da fari ce, ba ta cin fenti, kuma tana tafiya tana dawowa a kan lokacinta kowace shekara, abin da ba kowane kamfanin jirgi ne zai iya rantsuwa a kansa ba.

Manyan ma ai suna wasa da launi, kuɗi ne kawai ke sa a kira nasu dabara. A 1965 Braniff na Texas ya ɗauko mai zane Alexander Girard, aka fente jiragensa launi bakwai dabam-dabam, har da ruwan lemo da rawaya, Emilio Pucci ɗan Italiya ya tsara wa ma'aikata kaya. A 1973 suka miƙa wa Alexander Calder jirgin DC-8 sukutum ya zane shi yadda ya ga dama, aka ɗora sa hannunsa a inda aka saba ganin sunan kamfani. A 1997 British Airways ya cire alamar tutar ƙasa daga wutsiyoyinsa, ya maye gurbinta da zane-zanen al'adu daga sassan duniya, har da na matan Ndebele na Afirka ta Kudu. Margaret Thatcher ta tarar da ɗan samfurin 747 mai irin wannan wutsiya a taron jam'iyyarta, ta zaro hankici ta lulluɓe wutsiyar a gaban 'yan jarida. Zuwa 2001 kamfanin ya yanke shawarar komawa tuta gaba ɗaya. Tsohuwar firaminista guda ta shiga alƙalancin fentin jirgi ba tare da an gayyace ta ba, kuma hukuncinta ya zauna.

Ka ce to waɗannan ai jiragen gaske ne, su masu zanen takarda wa ya taɓa kula su? A 1993 kamfanin ANA na Japan ya sa gasar zane, wata yarinya 'yar firamare ta mai da jirgi ƙaton kifin teku, shuɗi, da ido da baki. Haka aka fente 747 na gaske ya yi ta yawo da fasinja a Japan. Kusa da gida, a 1959 wani ɗalibi a Landan, Taiwo Akinkunmi, ya ga sanarwar gasa a jarida, ya zauna ya zana tutar ƙasar da ko 'yanci ba ta samu ba tukuna. Alƙalai suka cire jar ranar da ya sa a tsakiya, suka bar kore da fari, aka ba shi fam 100. Da kun leƙa ɗakinsa a daren da yake shafe-shafen nan, na san abin da za ku ce masa.

Masu fim kuwa ba su da makawa sai kamfanin ƙarya, domin da wuya kamfanin gaske ya ba da sunansa a sace masa jirgi ko a faɗo da shi a majigi. A fim ɗin Executive Decision na 1996 aka fente 747 na gaske da sunan Oceanic Airlines, daga nan wasu finafinai suka yi ta aron hotunan tare da sunan. A 2004 shirin Lost ya ɗauko sunan, ya taso da Oceanic 815 daga Sidni zuwa Los Anjelas, ya faɗo da shi a tsibiri. Tarkacen da aka nuna na tsohon jirgin L-1011 ne da aka yayyanka aka kai Hawai. Da wuya a samu kamfanin da ya kai Oceanic yawan haɗari, kuma har yau ko mutum ɗaya na gaske bai yi targaɗe a cikinsa ba. Wani lokaci ma ƙaryar ce ke yin gaba, gaskiya ta biyo sawu. A 2008 wasu jaridu biyu na Filadelfiya suka buga tallar wani kamfani wai shi Derrie-Air, wanda zai auna fasinja da kayansa a sikeli ya caje shi gwargwadon nauyinsa. Babu kamfanin, masu jaridun ne ke gwada ƙarfin tallarsu. Zuwa 2013 sai ga Samoa Air, na gaske mai jirage na gaske, yana auna mutane yana karɓar kuɗi kilo-kilo. Alhaji, na ga ka shafa ciki. Kwantar da hankalinka, Samoa da nisa.

Tunda ka ɗago, fito da tambayarka. Nawa ake samu? Ko sisi. Sai dai kai ɗan kasuwa ne, ka san lissafi gefe biyu gare shi, to tambayi nawa ake asara. Shi ma ko sisi. Ba mai, ba albashi, ba fasinjan da ya kwana a kan benci yana jiran jirgin da aka ce yana hanya. Gwada wannan da Baltia na New York, wanda aka kafa a 1989 don ya riƙa zuwa Rasha. Yana da ofis, yana da masu hannun jari da suka zuba kuɗinsu, yana da tambarin zakara, har 747 na hannu ya saya ya fente. Ya shafe fiye da shekara 25 yana shirin tashi, bai samu takardar izinin hukuma ba, bai taɓa ɗaukar fasinja ko ɗaya ba, a 2017 ya sauya suna. Pan Am ma da kansa, yana ganiyarsa, ya buɗe rajistar masu son zuwa duniyar wata, zuwa 1971 sunaye sun haura 90,000. Kamfanin ya mutu, watan yana nan, layin bai motsa ba.

Ba sai mun je Amurka ba ma. A Yulin 2018, a baje kolin jirage na Farnborough a Ingila, Hadi Sirika, minista mai kula da sufurin sama a lokacin, ya ƙaddamar da suna da tambari da adon Nigeria Air. An nuna hoton jirgin da fentinsa, aka tafa. A Satumbar shekarar aka dakatar da shirin. Ranar 26 ga Mayun 2023, saura kwana uku gwamnati ta sauka, sai ga Boeing 737-800 ya sauka a Abuja da sunan Nigeria Air a jikinsa. Masu bin diddigin jirage, irin mutanen da kuke yi wa tsaki, ba sunan suka duba ba, lambar suka duba: ET-APL. Na Habasha ne. A watan Yuni muƙaddashin shugaban kamfanin ya shaida wa kwamitin majalisar wakilai cewa shatar jirgin aka yi daga Ethiopian Airlines don bikin. Jirgin ya koma Addis Ababa, ya ci gaba da aikin masu shi.

Da a gasar mutanen nan aka kai wannan aikin, fentin zai samu makinsa, kore da fari sun zauna daidai. Amma alƙali na farko da zai sa tabarau ya duba gindin wutsiya zai ga ET a inda ya kamata ya ga 5N. Zai nemi jerin sauran jiragen, ya nemi taswirar hanyoyi, ya ce a je a gyara a dawo. Kai da A380 ɗinka na 1974, Malam, ina jin kai za ka zo sama da shi da maki ɗaya ko biyu. Ko ba komai jirage biyar ka rubuta, kuma ba ka mayar wa kowa da ko ɗaya ba.